Manhajar da Ta Ƙi Tagwaye

Auta yana cikin girgiza hannun wani tsoho da bai taɓa gani ba, yana gaya masa cewa mata ne, su biyu, kuma dukansu da gashi, sai Sista ta leƙo daga ɗakin ma'aikata ta ƙwala masa kira.

"Injiniya! Saki bawan Allah ya je ya karɓi maganinsa. Zo ka ga aikinka."

A gida Auta ake ce masa, don shi ne na ƙarshe a ɗakinsu. A wannan ƙaramin asibiti kuwa Injiniya ne, saboda shi ya rubuta manhajar da ke kan kwamfutocinsu. Ita ke buɗe wa mai haihuwa kati, ita ke ba jariri lamba, ita ke buga ɗan zoben robar nan da ake ɗaura wa jariri a hannu don kada a musanya shi. Amma yau ba aiki ya kawo shi ba. Da hantsi matarsa, malamar lissafi da kowa ke kira Malama, ta sauka lafiya, ta haifi tagwaye. Tun daga lokacin bakinsa ya ƙi rufuwa. Ya yi wa mai shara albishir, ya yi wa masu jiran layi, mai gadi kuwa ya sha albishir ɗin har ya kai in ya hango shi tafe sai ya riga shi: "Na ji, mata ne, da gashi."

Ya shiga ɗakin yana tafiya kamar ƙasa katifa ce.

"Karanta," in ji Sista, tana nuna fuskar kwamfutar da biro. Ita ce ta karɓi haihuwar, har yanzu hular aiki na kanta.

A tsakiyar fuskar akwai ɗan akwati mai jan baki: An riga an shigar da wannan jaririn. Don Allah a duba.

Ya san jimlar nan sarai. Shi ya tsara ta, har da "don Allah", don kada ma'aikata su ce manhaja tana yi musu tsawa.

"Ta farko ta shiga lafiya lau, ga lambarta can a hannunta," Sista ta ce. "Ta biyun kuwa, da na danna sai ta ce wai ta san ta. A ina ta san ta? Yarinyar da ko mu yanzu muka fara ganinta?"

Auta ya ƙura wa akwatin ido, sai dariya ta ƙwace masa. Ya tuna. Lokacin da ya kafa manhajar, babbar matsalar ita ce ma'aikata kan danna maɓallin ajiya sau biyu cikin sauri, jariri ɗaya ya fito da lamba biyu. Sai ya kafa doka: katin uwa ɗaya, a rana ɗaya, jariri ɗaya. Ya ji daɗin dokar nan ƙwarai. Kuma tun ranar da hoton ciki ya nuna kai biyu, ya sayi gado biyu, gidan sauro biyu, baho biyu, ya yi gardama da kafinta a kan faɗin ƙofar ɗaki, amma ko sau ɗaya dokar ba ta faɗo masa a rai ba.

"Tsaya, Sista. Tun da na kafa ta ba a taɓa haihuwar tagwaye a nan ba?"

"An yi mana. Sai mu sa wa na biyun kwanan gobe."

"Gobe?"

"To ya za mu yi? Uwa na kwance, layi har bakin ƙofa. Mu sa gobe, ta karɓa, mu rubuta gaskiyar a wurin ƙarin bayani."

"Ba ku taɓa gaya mini ba!"

"Ai ba ta lalace ba, hanya muka samu."

"To yau me ya hana ku?"

"Kai ne." Ta canja kwanan watan zuwa gobe, ta danna. Wani akwatin ya fito: Wannan ranar ba ta zo ba tukuna. Don Allah a duba.

Auta ya dafe kai. A watan jiya ne ya lura da wasu jarirai da aka rubuta an haife su kafin ranar ta zo. Ya ɗauka kuskuren yatsa ne, ya toshe hanyar, har ya yi wa Malama alfahari da gyaran a kan abinci.

"Ka rufe ƙofa," in ji Sista, "ka zagaya ka toshe taga. Sai 'yarka ta zo tana sallama."

Suka yi dariya tare, har wata ƙaramar nas da ke jera allurai ta juya baya tana ƙyalƙyalewa. Sannan Sista ta rage murya.

"Amma ka saurara. Ta biyun ba ta kai 'yar'uwarta nauyi ba, kuma tana da sanyin tsotso. Likita tana so a duba sukarin jininta da wasu abubuwa. Na'urar ɗakin gwaji ba ta karɓar kwalba sai da takardar lamba a jikinta. In na yi amfani da lambar babbar, sakamakon zai faɗa katin babbar, gobe wata nas ta zo ta ba mai lafiya magani ta bar mai buƙata. Na liƙa mata filasta a ƙafa na rubuta da biro, amma filasta ba lamba ba ce."

Auta ya daina dariya.

"Akwai haɗari?"

"In da akwai, da ba na tsaye ina hira da kai. Amma kada ka kai mu yamma."

Ya fita da gudu. Yayarsa tana zaune a kan bencin baranda, ta kewaye kanta da filas da kwanuka da jakunkunan kayan jarirai. Ita ta goye shi yana ƙarami, don haka har gobe ba ta ganin gemunsa.

"Yaya, ina baƙar jakata?"

"Ga ta nan. Ka fito da takalmi wari da wari, ɗaya naka ɗaya na wanka, amma kwamfuta ba ka manta ta ba. Lafiya?"

Ya duba ƙafafunsa. Gaskiya ne. Ya gaya mata abin da ya faru a gurguje. Yaya ta tafa hannu.

"Wato kai da ka sa aka yi ta yi mana gorin boko, ƙirgenka bai wuce ɗaya ba?"

Ya so ya wuce ɗakin masu jego ba tare da ya leƙa ba, amma ƙafarsa ta ƙi. Malama tana kwance, fuskarta ta faɗa, idanunta a lumshe. Jariran suna gefe cikin gadajensu, ɗaya da farin zobe a hannu, ɗaya hannu haka nan. Labari ya riga shi isa.

"Baban biyu," ta ce ba tare da ta buɗe ido ba. "Ko in ce baban ɗaya, tunda ɗaya ofishinka ya amince da ita?"

"Malama, yanzu-yanzun nan zan gyara."

"Ni na yi nawa lissafin, amsa ta fito biyu, ga shaida. Kai ne ka faɗi jarrabawa." Ta buɗe ido ɗaya, murmushin ya ɗan ja baya. "Yi sauri, ka ji? Ƙaramar ba ta kama nono sosai."

Ya koma ɗakin ma'aikata, ya ture faranti da kofuna, ya buɗe kwamfutarsa. Batirinta ya kusa mutuwa, sai ya laluba ƙarƙashin tebur ya sama wa cajarsa wuri. Gyaran kansa ba wuya. Zai ƙara gurbi ɗaya da ke tambayar na nawa ne jaririn a wannan haihuwa, dokar ta koma katin uwa da rana da wannan gurbin. Duk jariran da ke ciki tun da can a sa musu ɗaya a gurbin. A rana irin ta kullum, kafin shayi ya huce ya gama.

Yau kuwa yatsunsa sun zama na aro. Ya rubuta layi, ya tuna yadda ƙaramar ta yi hamma, ya tsinci kansa yana murmushi ga bango. Ya umarci kwamfutar ta haɗa manhajar, ta watso masa jajayen layuka. Ya duba, ya duba, sai ya gano ya buɗe baka biyu ya rufe ɗaya.

"Yau dai biyu ta sa ni gaba," ya ce da ƙarfi, ya kifa kai a tebur yana dariya.

"Injiniya," in ji Sista daga bakin ƙofa, "dariya ko aiki?"

"Duka, Sista!"

Da ya zo kan rumbun bayanai, inda sunan kowace uwa da kowane jariri na asibitin yake, ya rubuta umarnin da zai canja dokar, ya ɗora yatsa a kan maɓalli. Sai ya tsaya cak. Bai kwafi rumbun ya ajiye ba. Mutumin da ya kasa rufe baka, shi ne zai taɓa katin ɗaruruwan 'ya'yan mutane ba tare da madogara ba? Garin neman gira a rasa ido. Ya janye yatsan a hankali kamar wanda ya ga kunama, ya sa aka fara kwafa. Koren layin da ke nuna ci gaban aikin ya shiga jan ciki. Auta ya tashi, ya zauna, ya kaɗa ƙafar da ke cikin takalmin wanka, ya roƙi layin, ya yi masa kirari. Da ya cika, ya buɗe kwafin ya tabbatar yana karantuwa, sannan ya danna. Dokar ta canja, ba abin da ya zube.

Ya gwada a tasa kwamfutar da uwar ƙarya da jariran ƙarya. Biyu suka shiga. Ya ƙara na uku don tsokana, shi ma ya shiga.

"Allah ya kiyaye," in ji Yaya, wadda ta biyo shi da kofin ruwa ta tsaya a kansa. "Kada Malama ta ga wannan."

Saura ya ɗora sabuwar manhajar a kan babbar kwamfutar asibitin, wadda sauran suke ɗauka daga gare ta. Ya jawo fayil ɗin ya saka. Kwamfutar ta ce ba za a iya maye gurbin tsohon ba, don yana buɗe a wani wuri. Dole kowa ya rufe tasa.

Ya zura da gudu zuwa ɗakin magani. Mai ba da magani ya ɗago daga bayan gilashi.

"Tagwaye!" in ji Auta. "Mata!"

"Barka, barka! Allah ya raya. To me ya kawo ka?"

"Shi ke nan." Ya juya, ya kai tsakiyar baranda, ya ja birki, ya dawo. "Don Allah rufe manhajar, na ɗan lokaci."

Haka ya bi teburin karɓar kati, ya bi ɗakin gwaji, takalmin wanka yana tafa masa a baya, masu jiran layi suna binsa da ido suna yi masa barka a kowane wucewa. Ya dawo yana haki, ya sake sakawa. Har yanzu yana buɗe a wani wuri.

"Ofishin Likita," in ji Sista. "Ba ta taɓa rufe komai. Kuma ta kulle ta tafi zagaye."

Ya sami Likita a ɗakin ƙarshe tana sauraron ƙirjin wani jariri. Mace ce marar yawan magana. Ya tsaya a bakin ƙofa yana rawar ƙafa har ta cire abin daga kunnenta. Ta ji bayaninsa, ta dubi takalmansa, ta zaro mabuɗi daga aljihu ta miƙa masa.

"Ina son sakamakon yarinyar nan kafin in tashi," ta ce. "Kuma barka."

A ofishin ya tarar da manhajar a buɗe har kashi-kashi, taga a kan taga, wata ma tun ta shekaranjiya. Ya rufe su duka, ya mayar da mabuɗi, ya koma. Wannan karon fayil ɗin ya shiga. Kafin ya gama cewa alhamdu lillahi, ya ɓace. Manhajar tsaron da ke gadin kwamfutar ta ga baƙon fayil da ba ta sani ba, ta cafke shi ta kulle, ta fito da sanarwa cikin alfahari cewa ta kama abin zargi.

"Ke!" Auta ya daka wa fuskar kwamfutar tsawa. "Sake shi! Ni na haife shi!"

"Yau kai komai kai ka haifa," in ji Yaya.

Ya shiga inda ake tsare waɗanda aka kama, ya tsaya wa fayil ɗinsa, ya fito da shi. Sannan ya matsa gefe ya ba Sista kujera.

"Bismillah. Ke za ki shigar da ita."

Sista ta gyara tabarau, ta sa lambar katin Malama, ta sa kwanan yau. Ga sabon gurbi ya bayyana. Ta rubuta biyu, ta danna. Ba ja, ba "don Allah". Lamba ta fito, sabuwa fil.

Auta ya yi tsalle har ya buge fanka da yatsa. Ƙaramar nas ta yi tafi. Sista ta danna wurin bugawa, duk suka juya suna kallon 'yar firintar da ke ƙarshen tebur.

Shiru.

Tagar manhajar ta yi fari fat, ta sandare. Sista ta sake dannawa. Ta ƙara. Ta shiga danna linzamin kwamfutar kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar kurma.

"Daina, Sista, daina! A tawa fa tana aiki."

"To sai mu kwashe asibitin mu koma cikin taka."

Ya ja kwamfutarsa ya shiga bin layukan bugawa ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa su ba yau, amma wa ya sani? Ya ga inda manhajar ke aika wa firinta saƙo ta tsaya jiran amsa, kuma ya ga cewa bai taɓa gaya mata iyakar jiran ba. In firinta ba ta amsa ba, haka za ta tsaya har tashin duniya, taga da maɓallai duk su daskare tare da ita. Wannan aibi ne, zai gyara shi wata rana. Amma me ya hana firintar amsawa? Ko sabon gurbin ne ya rikita tsarin takardar? Ko manhajar tsaron ce ta sake yin wani kamun? Rana ta karkata, haskenta ya sauko daga kan kabad zuwa kan tebur. Daga can ɗakin masu jego ya jiyo kukan jariri guda, mai ƙarfi, ya kasa kunne ko zai ji na biyu, bai ji ba.

Ya ɗago ya dubi firintar kamar zai roƙe ta. Sai ya lura 'yar koriyar fitilarta ba ta ci. Ya kama wayarta ya bi da hannu, ta bayan tebur, ta ƙarƙashi, ya durƙusa ya shiga da kai. Ga kan wayar yashe a ƙasa. A cikin soket ɗin kuwa, zaune daram, cajarsa ce.

Ya daɗe a ƙarƙashin teburin. Kafaɗunsa kawai ake gani suna rawa.

"Auta, kuka kake ko dariya?" in ji Yaya.

"Ban sani ba, Yaya."

Ya zare cajar ya mayar da wayar. Firintar ta yi ƙara, ta yi gyaran murya, sannan ta tuna da duk dannawar da Sista ta yi. Zobe ya fito, da takardar kwalba. Wani ya biyo. Wani ya biyo. Suka yi ta fitowa a jere, dogon zare fari yana sauka daga tebur yana naɗewa a ƙasa, kowanne ɗauke da lambar yarinyar da aka ce ba a san da ita ba. Ƙaramar nas ta zauna a ƙasa don dariya. Mai ba da magani ya baro gilashinsa ya zo kallo. Yaya ta kama bakin zaren tana naɗawa a hannu kamar mai saƙa.

"Ɗazu ba ta da ko ɗaya," ta ce, "yanzu har na aurenta an buga."

Sista ba ta tsaya dariya ba. Ta yanki zobe ɗaya da takarda ɗaya ta fice, Auta na biye da ita. Ta ɗaura zoben a siririn hannun, ta ɓare filastar ƙafa, ta ɗan soki diddigen ta ɗebi jini. Sai a lokacin ƙaramar ta buɗe baki ta tsala ihu, siriri amma mai kaifi, har babbar ta firgita ta taya ta.

"Yawwa," in ji Malama. "Gaya musu kin zo."

Jiran sakamakon ya fi komai tsawo. Auta ya zauna a bakin gado, ya rasa abin yi da hannuwansa. Ya ce wa Sista gobe zai zo su zauna su bi tagwayen baya ɗaya bayan ɗaya, a mayar wa kowa ranar haihuwarsa ta gaskiya. Ta ce jibi dai, gobe ba zai iya rubuta sunansa ba ma.

Likita ta shigo da jakarta a kafaɗa, takarda a hannu. Sukarin ya ɗan yi ƙasa kaɗan, in ji ta, ba abin tashin hankali ba. A riƙa ba ta nono a kai a kai, ko da cokali ne, za a sake dubawa anjima. Sauran duk lafiya. Malama ta sauke ajiyar zuciya ta rufe ido, hawaye ya gangara ta gefe zuwa kunnenta, tana murmushi.

Bayan an shayar da ƙaramar, Sista ta naɗe ta a tawul ta juyo.

"Miƙo hannu, Injiniya. Tun safe kake shelar su, ban ga ka ɗauki ko ɗaya ba."

Ya buɗe baki zai musa, ya tuna gaskiya ne. Ya goge tafukansa a wando, ya karɓe ta. Ba ta kai nauyin kwamfutarsa ba. Zoben ya yi mata yawa, ya zame har kusa da gwiwar hannu. Dariyar da ta yini tana tafasa a cikinsa ta lafa, ta kwanta.

Sai wayarsa ta ɗauki ruri a aljihu. Yaya ta zaro ta, ta duba.

"Mai shagon kayan gini ne."

"Ɗauka ki kara mini a kunne."

Muryar mutumin ta cika ɗakin. Manhajar sayarwa da Auta ya kafa masa ta tsaya cak, ga masu saye sun cika shago, ya danna ko'ina ta ƙi motsi, Injiniya ya taimaka ya zo yanzu.

"Ranka ya daɗe," Auta ya ce a hankali, don kada ya tashe ta, "ka kashe ta ka kunna."

"Shi ke nan?"

"In ba ta yi ba, ka sake."

Yaya ta janye wayar ta katse.

"Ita ma kashe ta, Yaya," ya ce.

"In kunna?"

"A'a."